Yadda ake warware aiki mataki-mataki: abin da aka tattauna a Gombe

Masu koyar da yara aikin injin matse man gyaɗa a Gombe sun yi zaman tattaunawa kan dabarar da John Annett da Keith Duncan suka fito da ita a Ingila a 1967. Ana ɗora babban burin aiki a sama da lamba 0, a fasa shi zuwa ƙananan burika, 1, 2, 3, kowanne kuma a sake fasa shi: 2.1, 2.2.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada a dogara da bakin gwani kaɗai. Wanda hannunsa ya saba, idan aka tambaye shi, tsallake rabin aikin yake yi ba da saninsa ba. A tsaya a kalle shi yana yi, sannan a yi tambaya.

An daɗe a kan tsari, kuma a ganina nan ne naman maganar. Jera "tsince gyaɗa, soya, zuba a inji, tace mai" bai isa ba. Sai an rubuta sharaɗin: me ke gaba da me, yaushe ake maimaitawa, me za a yi idan wuta ta ɗauke gyaɗa na cikin inji.

A ina za a daina fasawa? Wani dattijo ya ce a auna abu biyu, yiwuwar kuskure da girman asararsa. Shara, layi ɗaya a takarda ya ishe ta. Cire tunkuza kusa da bel mai juyawa kuwa, a bi shi har motsin hannu, a kai wa mai injin takardar ya gyara.