Jadawalin da ke ɗaure da Excel: ni dai "talala" na zaɓa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu shagon buga takardu. Kalma nake nema, kuma ina da wadda zan kawo, sai ku duba.

Kun san abin nan da ake yi a Word: a kwafo jadawali daga Excel, a shiga Paste Special a zaɓi Paste Link. Jadawalin zai bayyana a takarda, amma asalinsa yana can cikin fayil ɗin Excel, in an canja lamba a can sai ta canja a nan. Microsoft ta fito da wannan dabara tun farkon shekarun 1990 da sunan OLE. Mu har yau "abin nan" muke ce masa.

A nan wajenmu, gefen Auyo, sakatarorin ƙungiyoyin manoman shinkafa ne suka fi kawo mana irinsa. Wani ɗansu da ke karatu a Dutse ya haɗa musu rahoton rabon taki, ya turo fayil ɗin Word kaɗai ta WhatsApp, na Excel ya zauna a kwamfutarsa. Ko kuma duka biyun suna cikin filashi, amma filashin da yake E a can ya zama F a tawa. Word cikakken adireshi yake riƙewa, daga harafin filashi har sunan folda da na fayil. Harafi ɗaya ya sauya, shi ke nan. Ka danna jadawalin sau biyu ya ƙi buɗuwa, ka danna F9 don ya sabunta, wani lokaci ya ɓace, ya bar maka "Error! Not a valid link." Ga dattijo zaune a benci yana jira, ya ce "Yaro, me ya faru?" Me zan ce masa?

Wani ya ce mu ce mahaɗi. Mahaɗi ya riga ya zauna a kan shuɗin rubutun da ake dannawa a intanet, a bar masa wurinsa. Wannan ba ya kai ka ko'ina, shi ne ma yake jawo abu daga wani wuri. Wani malamin firamare ya ce kayan aro. Ta yi daɗi a kunne, sai dai abin da aka ara yana barin hannun mai shi, wannan kuwa bai taɓa barin gida ba.

Shi ya sa na ce talala. Akuyar da aka yi wa talala tana kiwo can nesa, mai wucewa zai ɗauka sake take, alhali igiyarta na jikin turke. To jadawalin shi ne ɗan talala, fayil ɗin Excel shi ne turke. Da na ce wa dattijon nan, "Baba, talala aka yi masa, an kuma cire turken," bai sake tambaya ba. Waya ya ɗauko ya ce wa ɗan nasa ya turo ɗaya fayil ɗin.

Abin da ya fi burge ni shi ne kalmar tana raba abu biyu da ake rikitawa. In fayil ya ɓata ko an sake masa suna, talala ta tsinke, matsala ce. In kuwa kai ne ka danna Break Link da gangan, ko Ctrl+Shift+F9, yanke talala ka yi. Jadawalin zai tsaya yadda yake, ba zai ƙara bin Excel ba.

Gyaran ma da kalmomin yake tafiya. In ka buɗe takarda Word ya tambaya ko ya sabunta, ce a'a tukuna, don yana riƙe da kamannin jadawalin na ƙarshe, za ka iya bugawa a haka. Danna Alt+F9 ka ga inda igiyar ta nufa. In turken yana nan, shiga File, Info, Edit Links to Files, ka danna Change Source ka nuna masa sabon wurin, sannan Update Now. Mu kira wannan sake turke. In babu shi sam, yanke ka huta, amma ka gaya wa mai takarda lambobin na ranar ƙarshe da aka sabunta su ne, kada a raba taki da tsohon lissafi.

Saura ɗan uwansa, wanda ake cusa Excel ɗin gaba ɗaya cikin Word. Na so in ce dashe. Shi ba ya tsinkewa, amma fayil yana yin nauyi, kuma duk wanda ya danna sau biyu zai ga sauran shafukan lissafin, har da sunayen masu bashi. Mutanen Ringim da Gumel, dashe ta zauna muku, ko kuna da wadda ta fi ta?