Amya ta wayi gari babu zuma: me kuke tararwa a ciki?

Mai amya daga Toro: Salamu alaikum. Daga watan 2 zuwa watan 4, da kuma tsakiyar damina, kukan masu kiwon zuma iri ɗaya ne: an je dubawa an tarar da amya fayau. Kowa sai ya ce asu ne ya cinye ta. Ina ganin muna ɗora wa asu laifin da ba nasa ba ne. Kowa ya faɗi abin da idonsa ke gani in ya ɗaga murfi. Tambayar farko ita ce, akwai gawa ko babu? In babu gawa, saƙa a bushe, babu ƙwai babu 'ya'ya, babu ko ɗigon zuma, to ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi. Zumarmu ta Afirka ba ta jure yunwa a zaune. Sarauniya takan daina ƙwai tun kusan mako biyu kafin tafiya, a jira 'ya'yan da ke rufe su fito, a shanye abin da ya rage, a tashi. Wanda ya buɗe ya ga babu ƙwai alhali sarauniya tana nan, ya san saura ƙiris.

Dattijo daga Ningi: Wa alaikumus salam. Malam, ka yi gaskiya, asu kura ce, mushe take bi. Amya mai ƙarfi takan kwashe tsutsarsa ta zubar a ƙofa. Yana cin galaba ne in saƙa ta fi ƙarfin masu tsaronta. Alamarsa ba ta ɓuya: zare fari kamar yanar gizo-gizo ya ratsa saƙa, baƙin kashi kamar garin barkono a ƙasan akwati, da ƙananan ramuka masu siffar kwale-kwale da ya sassaƙe a jikin katako inda ya yi kwanci. Tsohuwar baƙar saƙa da aka yi renon 'ya'ya a ciki ya fi so, farar saƙa ba ta dame shi sosai ba. Maganinsa a rage wa zuma ɗaki. In akwati mai sanduna 27 ne (sandunan saman akwati da zuma ke gina saƙa a jikinsu), zuma ta rufe 8 kawai, a cire saƙar da babu kowa a kanta, a sa katakon raba ɗaki a bayan sanda ta 10. Abin da aka cire a narkar da shi ranar, kada a jibge a buhu. Kuma don Allah a daina sa kafur a akwati, warinsa yana shiga kaki, kuma guba ne ga zumar da mai sha.

Mai amya daga Jama'are: Baba, a wajenmu na fadama gawa muke tararwa, ba ƙaura ba. Gubar feshi kamanninta daban. Gawa tuli a ƙofa da ƙasan amya cikin kwana ɗaya ko biyu, da yawa harshensu a waje, fukafukai a buɗe. Waɗanda ba su mutu ba suna rarrafe, suna karkarwa, suna juyi a wuri ɗaya. A ciki kuwa zuma na nan, 'ya'ya na nan, ƙudajen zuma masu fita kiwo ne suka ƙare. Bayan kwana uku 'ya'yan su fara mutuwa don babu mai ciyar da su.

Wake ne kan gaba, don ana masa feshi daidai lokacin fure, da magunguna irin su saifametirin, lamda da daimetowet. Riɗi da kankana suna biye. Tun da tsutsar masara ta shigo ƙasar nan a 2016, masara ma ta shiga sahu, kuma zuma tana ɗibar garin fure a kan tozonta da safe. Abin da ya kamata manomi ya sani: furen wake da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Feshin ƙarfe 8 na safe a kan zuma yake sauka. In aka bari sai bayan la'asar sakaliya, wajen ƙarfe 5 zuwa magariba, iska ta kwanta, maganin ya bushe cikin dare, ɓarnar tana raguwa ƙwarai, shi ma manomin maganinsa bai ƙone a rana ba. Ba ta kau gaba ɗaya, amma tana raguwa.

Akwai wadda ba a lura da ita: wanke famfon feshi a bakin kududdufi. A nan zuma ke shan ruwa. Sai ka ga gona tana nesa, amya ta mutu, ana ta mamaki.

Mai amya daga Toro: To in maƙwabci ya sanar da kai zai yi feshi gobe, toshe ƙofa za a yi?

Mai amya daga Jama'are: Ba da tsumma ko laka ba, zafi zai kashe ta kafin maganin ya kashe ta. Da raga ake rufewa, tun kafin gari ya waye, a shimfiɗa jiƙaƙƙen buhun algarara a kan murfi, a riƙa yayyafa masa ruwa, a buɗe da magariba. Kada ya wuce yini ɗaya. In feshin na mako-mako ne, ɗauke amyar kawai ya fi, da daddare, kuma a wuce kilomita 3, don in bai kai haka ba masu fita kiwo tsohon wurin za su komo.

Hajiya daga Dass: Ni ƙwaron nan ɗan ƙarami baƙi nake so a yi magana a kai, wanda bai kai ƙwayar wake ba, kana ɗaga sanda ya ruga cikin lungu. Ɗan asalin Afirka ne, kusan kowace amya tana da shi, zuma mai ƙarfi tana tsare shi a lungu. Ɓarnarsa a hannun masu tacewa ta fi fitowa. Aka yanko saƙa aka bar ta a bokiti kwana uku ko huɗu, ƙwansa ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta bi cikin zuma, sai ta yi kumfa, ta yi yauƙi, ta riƙa wari kamar ruɓaɓɓen lemo. Wannan ba ta sayuwa. A tace cikin kwana biyu. Bambancinsa da tsutsar asu, ba ya yin zare. Kuma a ƙasa yake rikiɗa, ƙasa mai laima a gindin amya, shi ya sa amyar da ke cikin duhuwa mai danshi ta fi fama da shi da damina. A share gindi, a bar rana ta ɗan taɓa wajen da safe.

Dattijo daga Ningi: Hajiya, a haɗa da ƙwarƙwasa. Ita dare ɗaya take buƙata. Ƙafar teburin amya ta zauna a gwangwanin baƙin mai, a sa masa ɗan rufi don ruwan sama kada ya cika shi ya kuma hana zuma faɗawa. Duk wannan banza ne in ciyawa ɗaya ta taɓa jikin akwati, ta zama gada. A kai akwati tsayin ƙugu saboda kwaɗi da ƙadangaru. Dage kuwa, inda yake, sai rataya da waya.

Ɗalibin aikin gona daga Bauchi: Iyayena, ban ji an ambaci kaskar zuma ba, wadda Turawa ke kira baruwa. A Turai da Amurka ita ce babbar annoba. An gan ta a Afirka ta Kudu a 1997, a Kenya a 2009, kuma an same ta a Nijeriya. Ja ce kamar kan allura. Gwajinta ba wuya: a kaɗo zuma rabin kofin shayi daga saƙar 'ya'ya, kusan guda 300 ke nan, a tabbatar babu sarauniya. A zuba a kwalba mai murfin raga, a sa cokali 2 na sukari da aka niƙa ya yi laushi kamar hoda, a jujjuya minti ɗaya, a ajiye a inuwa minti biyu, a kaɗa a kan farin faranti. Kaskar za ta zubo, zumar a mayar da ita gida da ranta. Shin ba za mu fara sa magani ba?

Mai amya daga Toro: Ɗana, gwajin yana da kyau, a riƙa yi. Magani kuwa a dakata. Zumarmu tana zaune da kaskar nan ba tare da ta durƙushe ba: 'ya'yanta sun fi na Turai saurin fitowa daga rufi, tana yawan tashi ta sake gida, tana kuma tone ɗakin da ya kamu ta fitar da abin da ke ciki. Abin tsoron shi ne mutum ya ji ana cewa kaska, ya ɗauko maganin kaskar shanu ya zuba a amya. Ya kashe zuma, ya ɓata kaki. In an ga zuma da naƙasassun fukafukai suna rarrafe da yawa, a nan ne za a nemi malamin gona ya duba.

Mai amya daga Alkaleri: Duk abin da aka lissafa, yunwa da ƙishirwa ke buɗe masa ƙofa. Ɗorawa, kaɗanya, marke da gawo su ne rumbun zuma da rani, su ne kuma masu gawayi da masu faskare ke bi. Maganin ciyawa ya share furannin gefen gona da ke cike giɓi. Gobarar daji ta ƙone sauran. In ka ga zuma ta yi dafifi a kan dusa a wajen injin niƙa, ko a kan garin rogo da aka shanya, garin fure ta rasa.

Sai zafi. Ɗakin 'ya'ya yana son ma'auni 34 zuwa 35, a watan 3 da 4 kuwa waje yana haura 40. Da ruwa take sanyaya gida, amya ɗaya tana iya shan lita ɗaya ko fiye a yini. Murfin kwano tsirara a rana yana sa sabuwar saƙa mai nauyi ta yi laushi ta tsinke daga sanda, ta danne 'ya'ya, zuma ta malale, washegari kowa ya watse. A ɗora zana ko bunu a kan kwanon, a bar tazarar yatsa biyu don iska. Ruwa a kasko da tsakuwa ko kara a ciki, a inuwa, kada ya taɓa ƙafewa, don in ta saba da rijiyar unguwa rigima ce da mutane.

Ciyarwa: gwangwani ɗaya na sukari, gwangwani ɗaya na ruwan ɗumi, a sa a cikin akwati da yamma, abin da za ta shanye cikin kwana biyu kafin ya yi tsami. A waje ba a sawa, fashi yake jawowa, masu ƙarfi su afka wa raunana. A lokacin a rage ƙofa, a bar rami biyu.

Dattijo daga Ningi: Mu ma masu cira muna da namu kason. Wanda ya je da wutar kara ya kwashe har 'ya'ya, shi ya kori zumarsa. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa, mai sanyi, ba mai tartsatsi ba. A yanki saƙar da aka rufe kashi uku cikin huɗu, ta 'ya'ya ba a taɓa ta, a bar saƙa biyu ko uku masu zuma a jikinta. Malam na Alkaleri, a wajenku cirar watan 4 nawa kuke bari, tunda ruwanku yana riga namu sauka?