Shin guguwar rana za ta iya ƙona mana taransifoma?

Ɗan Samaru: Assalamu alaikum. Daren jiya ina shago a gaban fitilar caji, na ji rediyo na cewa guguwar rana kan kashe wutar ƙasa guda. Don Allah masana, layukan da ke kawo wuta daga Shiroro suna cikin wannan haɗari?

Injiniyan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Idan rana ta watso ɓarɓashinta, maganaɗisun duniya yakan girgiza, sai baƙuwar wuta ta kwarara cikin dogayen layuka, ta ɗumama cikin taransifoma har ta iya ƙona shi. Ranar 13 ga Maris 1989, irin wannan guguwa ta bar lardin Kubek na Kanada cikin duhu awa 9.

Hajiyar Kongo: Malam, nisanmu da ƙuryar arewaci da ta kudancin duniya, inda guguwar ta fi yin tasiri, ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba, domin guguwar 2003 ta lalata taransifomomi a Afirka ta Kudu.

Injiniyan Tudun Wada: Haka ne, Hajiya. A ganina wajibi ne a kafa na'urorin auna wannan wuta a manyan tashoshin rarraba wuta irin ta Mando da ke Kaduna, a kuma rage wa layuka nauyi da zarar gargaɗi ya iso.