Abinda muka tattara kan gina gida da dunƙulen bambaro

Jiya bayan la'asar muka zauna a Unguwar Rimi da wasu magina da wani injiniya, maganar ginin bambaro (wato a matse bambaro da inji ya dunƙule, a jera shi kamar bulo ya zama bango) ta ɗauke mu har magariba. Asalin abin daga Nebraska ne a Amurka, ƙarshen ƙarni na 19, inda katako yayi musu wuya.

Kowa ya yarda ruwa ne babban abokin gaba, kuma kunsan ruwan Agusta a Kaduna ba wasa. Don haka fandisho ya tashi sosai daga ƙasa, dutse ko bulo, rufi kuma ya zarto waje yadda feshin ruwa bazai dinga dukan bango ba, sannan ayi aikin da rani lokacin da bambaron ya bushe ƙayau. Wani dattijon magini yace ka cusa hannu tsakiyar dunƙulen, in kaji ɗumi ko warin ruɓa to ka ajiye shi gefe.

Bambaron shinkafa ko na alkama ake nema, banda harawa, ita abincin dabbobi ce, ɓera zata jawo maka.

Wajen filasta ne aka ɗan yi gardama, wasu suna son siminti. Ni dai ina bayan yaɓen laka, don siminti yana kulle laima a ciki bambaron ya ruɓe baka sani ba. In anyi yaɓe mai kauri ciki da waje, wuta ma bata samun iskar ci, ɗaki kuma yayi sanyi a zafin Maris.

Gara kam sai an sa magani tun daga fandisho. Matsalar da ta rage itace injin matsewa, tsada gareshi, shi yasa akace manoma da magina su haɗa kuɗi su saya tare.