Neman kalmar Hausa: me za mu kira finafinan "fantasy"?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Malamai, ana neman kalma guda da za a riƙa sa wa rukunin finafinan da Bature ke kira "fantasy", wadda za ta zauna a jikin fosta, ta zauna a rubutun ƙasan allo, ta kuma zauna a bakin mai fassara. Bari a fara da abin da ake nufi, don kada mu bar jaki mu daki taiki. Labari ne da aka gina wa duniya tasa ta daban: ƙasashenta, sarakunanta, halittunta, wani lokaci har da harsunanta, kuma abin da ba ya yiwuwa a tamu duniyar, a can ba baƙon abu ba ne. Misali finafinai uku na The Lord of the Rings da suka fito a 2001 da 2002 da 2003, da takwas na Harry Potter daga 2001 zuwa 2011. Kalmomin da ke yawo a bakin masu kallo su ne tatsuniya, almara, fim ɗin tsafi, da fim ɗin aljanu. Wadda za a zaɓa dole ta rabu da almarar kimiyya, kuma kada ta raina babban mutumin da fim ɗin ya sa shi hawaye.

Malamin Adabi:
Wa alaikumus salam. Mu tankaɗe abin da muke da shi a gida tukuna. Ƙissa ta fita, domin ta annabawa ce da bayin Allah, ba a jingina mata ƙage. Tarihihi ma ya fita, domin shi yana da'awar abin ya faru, kamar labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Hikaya tana kusa, amma ta fi karkata ga wa'azi da darasi. Saura biyu, tatsuniya da almara.

Ta fuskar kayan ciki, tatsuniya ce ta fi kusa: dabba na magana, dodo na auren budurwa, ƙasa na tsagewa a shiga. Amma tana da sigarta da ba ta rabuwa da ita. Gajera ce, da dare ake yin ta, tsohuwa ce da jikoki, taurarinta sanannu ne, Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Ba ta da taswira, ba ta da jerin sarakuna, ba wanda ke tambayar garin Gizo yana gabas ko yamma. Sannan a maganar yau da kullum, idan aka ce "wannan ai tatsuniya ce", an yi watsi da zancen ke nan.

Almara kuwa a aji ma'anarta ƙuntatacciya ce: ƙagaggen labari mai ƙarewa da tambayar da masu sauraro za su warware, irin ta "a cikin ukun nan wa ya fi cancantar auren yarinyar?" Amma a jarida da rediyo ta riga ta faɗaɗa, ana cewa "kamar almara", ana cewa "almarar kimiyya". Don haka ita kaɗai ta yi faɗi da yawa, sai an ɗaura mata wata kalma.

Basakkwace:
Malam, a yi hankali da yada tatsuniya, ko gatana kamar yadda muke cewa. Abin da ke jan zuciya ga waɗanga finafinai, ita ta fi kowa bayyana shi. Mai bayarwa ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", jama'a su ce "ta zo mu ji ta". Wagga amsa alkawari ce: mun san ƙage ne, mun kuma yarda mu shiga. In an ƙare a ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". An buɗe ƙofa, an shiga, an fito an rufe. Tsakanin buɗewa da rufewa, tausayin marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi na gaskiya ne, ko da yarinyar ba ta taɓa rayuwa ba. Wani mawaƙin Ingila, Coleridge, ya yi wa wanga hali suna a 1817, wato mutum ya jingine rashin yardarsa da ganin damarsa. Mu kalma biyar munka yi shi da ita, kuma yara ke faɗinta.

Malamin Adabi:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma wannan magana ta fi ƙarfin a bar ta. Sai dai ta ba mu sunan halin mai kallo ne, ba sunan rukunin fim ba. Idan marubuci yana son ya bayyana wannan hali, ya ce mai kallo ya amsa "ta zo mu ji ta", kowane Bahaushe zai gane. Kuma alkawarin yana da sharaɗi a kan mai labari. Tolkien, marubucin littafin The Lord of the Rings, a wata lacca da ya yi a 1939, ya tsaya a kan cewa duniyar da aka ƙaga sai ta bi dokokinta. In an ce zobe na ɓoye mai shi amma yana cin zuciyarsa, to haka zai tafi har ƙarshe. Ranar da marubuci ya karya dokar don ya ceci tauraronsa, ranar mai kallo ke janye amsarsa.

Mai Tace Hoto:
Ni dai roƙona a cire "fim ɗin tsafi" da "fim ɗin aljanu" gaba ɗaya. Tsafi a kunnen Bahaushe boka ne da baƙar tukunya da yanka, abu ne da aka yarda yana faruwa kuma addini ya hana. Ka rubuta shi a fosta, uba ya hana 'ya'yansa kallo, wanda ya shigo neman labarin matsafa kuma ya fita da haushi. Aljanu ma haka: a wurinmu halitta ce ta gaskiya, ba ta ƙage ba. Mutanen nan masu dogon kunne na labarin Tolkien, in ka ce musu aljanu ka ɓata ma'ana, gara a bar musu sunansu.

Sannan a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai abin mamakin da ke cikin labari, akwai dabarar da aka nuna shi da ita. Ta biyun tana da sunanta tuntuni: siddabaru ko rufa-ido. Ana tsayar da ɗan wasa gaban koren ƙyalle, kwamfuta ta cire koren ta sa dutse ko fada. An zaɓi kore ne don ya yi nisa da launin fatar mutum. Inda aikin ke lalacewa sananne ne. In ɗan wasa ya matsa kusa da ƙyallen, koren ya yi masa naso a gashi da kafaɗa, shi ya sa ake ba da tazarar mita biyu ko fiye. In hasken da ke kansa daga dama yake, na hoton baya kuma daga hagu, ido zai ƙi yarda ko mai kallo bai san dalili ba. In aka manta inuwa a ƙarƙashin ƙafa, sai mutum ya zama kamar yana shawagi. Wata dabarar ma ba ta buƙatar kwamfuta: a waɗancan finafinai uku na The Lord of the Rings da aka ɗauka a New Zealand, an sha ajiye ɗan wasa ɗaya nesa da kyamara, ɗaya kusa, sai na nesan ya fito gajere. Duk wannan siddabaru ne, kuma fim ɗin yaƙi ma na amfani da shi, don haka ba zai zama sunan rukuni ba.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da ƙoƙari. A Faransanci masu nazari sun raba abin gida biyu. Akwai labarin da abin mamaki ke kutsowa cikin duniyarmu, mutum ya rasa ko gaske ne ko idonsa ne. Akwai kuma wanda mutanen cikinsa ba sa mamakin komai, dokin da ke tashi sama a wurinsu doki ne kawai. Na biyun muke nema wa suna. Larabawa na kiran irin wannan adabi "aja'ibi", tushe ɗaya da al'ajabi namu. To me zai hana mu ce almarar al'ajabi? Ta yi layi ɗaya da almarar kimiyya: uwa ɗaya, kowace da abin da ke tafiyar da ita. A ɗaya na'ura ce da bincike, a ɗaya kuwa ikon da ba a neman dalilinsa.

Malama Mai Sharhi:
Na goyi bayan wannan, Malam. A gwada ta cikin jimla, nan ake gane kalma. "Sabon fim ɗin almarar al'ajabi zai fito ranar Juma'a." Ta zauna. "Marubuciyar almarar al'ajabi ce." Ta zauna. Gaɓa bakwai ce, almarar kimiyya shida, bambancin bai kai a damu ba. Inda za a yi tuntuɓe shi ne in aka gajarta zuwa "fim ɗin al'ajabi", domin mai karatu zai ɗauka yabo ne, wato fim mai ban mamaki. A rubuce a bar ta cikakkiya.

Tun da maganar masu kallo ta shigo, a daina jibga komai a kan "sha'awa". Hausa ta rarrabe matakan. Ɗoki shi ne na jira, tun daga ranar da aka saki tallan fim, ana ƙirga kwanaki. Zumuɗi ɗoki ne da ya fito fili har ya hana zama, irin na waɗanda suka yi layi da tsakar dare a Yulin 2011, sanye da kayan taurarin, don kallon fim ɗin ƙarshe na Harry Potter. Tsuma a cikin kallo take zuwa, lokacin da kiɗa ya tashi, rundunar ceto ta ɓullo, tsikar jiki ta miƙe. Kewa ce ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi nauyi. Wanda ya fara kallo yana ɗan shekara 11 ya gama yana 21, tare da 'yan wasan ya girma. Ranar da aka rufe labarin ba fim kaɗai ya ƙare masa ba, har da wani yanki na ƙuruciyarsa. Wannan ba shirme ba ne, kuma kalmar da za mu sa wa rukunin bai kamata ta sa shi jin kunya ba. Nan ne almara ta fi tatsuniya.

Basakkwace:
Na yarda, Malama. To su masu son fa? "Masoya" ta wadatar?

Malama Mai Sharhi:
Ta wadatar in an faɗi abin da ake so: masoyan almarar al'ajabi. Ita kaɗai, ko a ce "dandalin masoya", sai a ɗauka zancen soyayya ne. Waɗanda suka yi nisa, masu haddace taswira da koyon harshen da Tolkien ya ƙirƙira, su ne 'yan gani-kashe-ni. Wanda kuma ya riga kowa kallo ya zo yana faɗin wanda zai mutu a ƙarshe, ya fasa ƙwai. Mai sharhi sai ya rubuta a sama: "Hattara, akwai fasa ƙwai a ciki."

Mai Fassara:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Abin da za a shigar ke nan: ƙagaggen labari ga duk abin da aka ƙirƙira, almarar kimiyya a inda take, almarar al'ajabi ga "fantasy", siddabaru ga dabarun hoto. Tatsuniya ta tsaya ga fim ɗin da aka ɗauko kai tsaye daga tatsuniyarmu. Saura halittar nan mai fukafukai da aman wuta, wasu na cewa dodo, wasu maciji. Malamin Adabi, a buɗe mana wannan gobe in Allah ya kai mu.