Me za mu kira tabar nan ta Kuba da Hausa?

Mai fassara: Jama'a, ina neman sunan Hausa na abin da Turawa ke kira cigar, tabar nan mai kauri da ake ganin Fidel Castro da Churchill da ita a hotuna. In na rubuta "sigari", mai karatu farin kara zai gani, da takarda da auduga a gindi. Wannan kuwa ganye ne ciki da waje. Bayan sunan, ina kuma neman yadda za a faɗi ƙarfinta da ɗanɗanonta.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka san ta, ana furta ta "sigar". A ara kawai a huta.

Malama: Ɗan'uwa, a baki za ta wuce, amma ban da a rubuce. Ka rubuta "sigar Kuba" ka gani, kowa zai ɗauka siffar ƙasar kake nufi. Siga tana da aikinta a Hausa tun tuni.

Ɗalibi: To tabar ganye fa?

Malama: Kai yaro, ka san abin da tsaranka ke nufi da "ganye". Kada mu jawo wa mai fassara magana.

Dattijo: Ku bar kallon sunan Turawa, ku dubi yadda ake yin abin. Hawa uku ne. Akwai ganyen ciki, wanda Kubawa ke kira tripa, wato kayan ciki. Akwai ganyen da ke ɗaure shi, capote. Sai na waje mai santsi, capa, wanda ido ke gani. Ni ciki, ɗauri da riga zan ce. Mai aikin kuma torcedor suke ce masa, mai murɗawa, da ɗan allonsa da wuƙarsa. Shi ya sa a ƙarƙashin akwatin irin su Cohiba, samfurin Kuba da aka fara yi a 1966, ake buga hatimi da Sifaniyanci cewa da hannu aka yi ta gaba ɗaya. Naɗin shi ne sana'ar. Don haka "tabar naɗi" nake ba da shawara.

Ɗan Damagaram: Baba, ai mutanen ƙauye ma suna naɗa taba a takarda su busa.

Dattijo: Suna yi, amma ba su taɓa ba ta wannan sunan ba, gurbin a buɗe yake. Ka yi bayani sau ɗaya a farkon rubutu, ya wadatar. Wadda inji ya yi ta tsaya a tabar naɗi, mai tsadar a ƙara mata "naɗin hannu". Abin da ban yarda da shi ba shi ne "tabar Kuba". Gaskiya ne ganyen yankin Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río na Kuba ya fi suna, amma Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika duk suna naɗawa, kuma kasuwar Amurka su suka zo suka riƙe ta bayan takunkumin da Amurka ta sa wa Kuba a 1962. Kai, har maƙwabtanmu Kamaru ana noma ganyen riga da manyan kamfanoni ke nema.

Mai fassara: Na karɓa, Baba. Saura ƙarfi. Turawa suna da kalma biyu, strength da body, ni kuma duk "ƙarfi" ke zuwa mini.

Dattijo: Abu biyu ne daban. Ƙarfi shi ne yadda take hawa kai, aikin nikotin ke nan, har wanda bai saba ba ya ji jiri da tashin zuciya in ya sha da yunwa. Daga ganyen saman shuka yake fitowa, ligero, wanda ya fi shan rana. Na tsakiya, seco, ƙamshi yake bayarwa, na ƙasa, volado, shi ke sa wuta ta ci daidai. Ɗaya kalmar kuma nauyin hayaƙin ne a baki. Kauri za ka ce, kamar yadda muke cewa shayi ya yi kauri. Taba tana iya yin kauri ba ta hau kai ba. Kuma kada duhun riga ya ruɗe ka. Wadda suke kira maduro daɗewa ta yi ana ruɓa ganyen, sau da yawa ma ta fi zaƙi-zaƙi.

Malama: Ɗanɗano kuwa ba sai mun ƙirƙiri komai ba. Yaji, ɗaci, bauri, garɗi, maƙaƙi. Inda suka ce tana ɗanɗanon gyaɗa ko gasasshen kofi, garɗi ya ɗauke. Inda suka ce ƙasa, ka rubuta ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Wanda ya gagare ni shi ne ɗanɗanon fata da suke yabawa, don a Hausa "warin fata" ba yabo ba ne.

Ɗalibi: A ce ƙamshin jima?

Malama: Ka taɓa wucewa ta majema kuwa?

Mai fassara: A bar shi "ƙamshin sabuwar jakar fata". Shan fa? Na ga ba a kai hayaƙin ƙirji.

Dattijo: To ba zuƙa ba ce, guntsa ce. A guntsi hayaƙi, a juya shi a baki, a fesar. Guda ɗaya matsakaiciya, mai tsawon inci 5, takan kai wajen awa, kuma ɗanɗanon yana sauyawa, kashi ukun ƙarshe ya fi zafi da ɗaci.

Malama: Sai dai mai fassara, kada "guntsa" ta sa mai karatu ya ɗauka ba illa. Nikotin ta fatar baki yake shiga jini, kuma tana jawo kansar baki da maƙogwaro. Babba guda ɗaya tana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari.

Mai fassara: Zan sa wannan. Ga gwaji: "Tabar naɗi ce naɗin hannu daga Nikaraguwa, mai kauri, ƙarfinta matsakaici, da garɗi a farko da yaji a ƙarshe." Ƙirga fa, kara ɗaya, kara biyu?

Ɗan Damagaram: Kara ya yi mata siriri. Sanda ɗaya, sanda biyu.