Musayar Waƙa: Sujadar Ranar Litinin

Mai Awo, Yankura:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. A wa'azin Lahadin nan an karanta mana Yohanna 4:24, inda Yesu ya gaya wa matar Samariya a bakin rijiya cewa masu sujada su yi ta cikin ruhu da gaskiya, kuma tun da na koma rumfa maganar take cina. Wanda zai amsa ya riƙe mini amsa-amon "ya".

Ranar Lahadi na sha farar shadda,
Na shiga sahun mawaƙa na ɗaga murya.

Da Litinin ta yi na buɗe rumfa,
Sai ga wata gwauruwa ta miƙo ƙwarya.

Na auna mata gero da mudun gado,
Wanda aka buge wa gindi ta baya.

Ta ƙirga kuɗinta, ta sa mini albarka,
Waƙar jiya ta dawo ta ba ni kunya.

Ku gaya mini wanne Ubangiji ya duba,
Baikon da na bayar ko bakin tiya?

Mama ta Zumuntar Mata, Sabon Gari:
Ɗana, tambayarka ta girme ka, domin annabi Amos ya riga ya amsa ta a sura 8, aya 5.

Ya ga masu ƙosawa Asabar ta wuce,
Su rage mudu, su tara dukiya.

Karin Magana sura 11 ta buɗe da cewa
Ma'aunin algus abin ƙyama ne, ba tambaya.

Baikon da aka tsakuro daga ƙwaryar gwauruwa,
Ko ya cika faranti bai zama hadaya.

Ka bar shi gaban bagade, in ji Matiyu 5,
Ka je ka shirya da ita, sannan ka juya.

Tela, Fagge:
Mama, na karɓi maganarki hannu biyu, sai dai ina tsoron kada wani ya karanta ya ce zuwa majami'a ba shi da amfani, alhali Ibraniyawa 10:25 ta hana mu barin taruwa.

Sili ɗaya ba ya share tsakar gida,
Sai an ɗaure shi ya zama tsintsiya.

Ba don wa'azin da Mai Awo ya ji ba,
Da mudun nan bai taɓa masa zuciya.

Ni ma in Kirsimeti ta matso kusa,
Nakan karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin ɗaya.

In ce wa mai yadi ya dawo gobe,
Almakashi bai taɓa shi ba, na san ƙarya.

An ce i ɗinku ya zama i kawai,
Kan keken ɗinki ayar nan ta fi wuya.

Ma'aikaciyar Jinya, Nomansland:
Yayyena, ni sau da yawa Lahadi kan same ni a bakin aiki, har na daɗe ina ganin kaina a matsayin wadda ta gaza.

Ana buga ganga a coci ina sauya ƙarin ruwa,
Ina juya tsohon da ya kasa tafiya.

Ban tambaye shi addininsa ba,
Shi ma bai tambaye ni ba, sai godiya.

Kolosiyawa ta ce a yi kamar ga Ubangiji,
Da wannan nake riƙe daren jinya.

Dattijon Ikilisiya, Sabon Gari:
'Yata, ba ki gaza ba, amma ranar da kika sami hutu ki zo, kujerarki tana nan. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka babu ɗan kasuwar da zai ce da baƙon harshe aka yi masa gargaɗi a kan mudu.

Mai Awo, ɗana, me ka yi da mudun?
Waƙa ta yi daɗi, muna jiran ta gaskiya.

Mai Awo, Yankura:
Baba, ga amsata.

Na kai shi wurin maƙeri ya fasa shi,
Na sayo cikakke tun da safiya.

Maƙwabcina Alhaji ya ga ina gwada shi,
Ya ce in ara masa ya gwada tasa tiya.

Gwauruwar ba ta dawo ba har yanzu,
Ban san gidanta ba, ban san hanya.

Na ɗaure mata mudu biyu a leda,
Suna ƙarƙashin benci, ina duban hanya.